Ogoni: Rijiyoyin Da Za Su Ba Da Shaida

Tun daga watan Janairun 2025, lokacin da shugaban Nijeriya Bola Tinubu ya gana da shugabannin al'ummar Ogoni a Abuja, maganar komawa haƙar mai a yankin nasu da ke jihar Ribas ta sake tasowa, shekaru fiye da 30 bayan da zanga-zangar da marigayi Ken Saro-Wiwa ya jagoranta ta tilasta wa kamfanin Shell dakatar da haƙar a 1993. To, amma tambayar da wannan shawara ba ta amsa ba ita ce, wane hali ruwan da ke ƙarƙashin ƙasar Ogoni yake ciki?

Amsa mafi ƙarfi da aka taɓa samu ta zo ne a watan Agustan 2011, cikin rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNEP. A cikin watanni 14, masana sun gwada samfuri sama da 4,000, kuma sun haƙa rijiyoyin bincike 142. Waɗannan rijiyoyi ba na sha ba ne. Bututu ne siriri da akan kafa har ya tarar da ruwa, domin a riƙa ɗiba ana aunawa lokaci bayan lokaci.

Abin da suka gano kuwa ya tayar da hankali. A garin Nisisioken Ogale, kusa da wani bututun kamfanin mai na ƙasa, NNPC, an tarar da tataccen mai, mai kaurin santimita 8, yana kwance a kan ruwan da ke ciyar da rijiyoyin jama'a. Sinadarin benzin, wanda ke haddasa sankarar jini, ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900 a ruwan da iyalai ke sha.

Dalilin da ya sa ido ba ya isa shaida a nan shi ne, idan mai ya malala, yakan nutse cikin ƙasa sannu a hankali har ya kai ga ruwa, sa'an nan ya zauna a samansa saboda ya fi shi rashin nauyi, yana narkewa kaɗan-kaɗan yana bin inda ruwan ya nufa. Ciyawa na iya tsirowa a bisa, alhali gubar tana can ƙasa tana tafiya. A da, an dogara ne da zaton cewa akwai shimfiɗar yumɓu da ke tare man, saboda haka aka riƙa share saman ƙasa kawai. Rahoton ya nuna cewa wannan shimfiɗa ba ta game yankin ba, kuma a wurare 49 man ya gangara aƙalla mita 5.

UNEP ta ce aikin gyara zai iya ɗaukar shekaru 25 zuwa 30, ta kuma ba da shawarar ware dala biliyan 1 domin shekaru biyar na farko. Gwamnati ta kafa hukumar HYPREP a 2012, aka ƙaddamar da aikin a garin Bodo a 2016. Sai dai a 2020 ƙungiyar Amnesty International da takwarorinta sun ce kashi 11 cikin 100 ne kacal na wuraren da aka tsara aka soma aiki a kansu.

A watan Maris na 2025, Shell ya kammala sayar da reshensa mai haƙar mai a kan tudu ga kamfanin Renaissance, abin da ya ƙara wa batun alhakin tsohuwar ɓarna nauyi. Muddin ba a ci gaba da auna ruwan waɗannan rijiyoyi ana bayyana wa jama'a sakamakon ba, to da zarar an koma haƙar mai zai yi wuya a bambance gurɓatar jiya da ta gobe, balle a san wanda zai biya diyya. Wanda zai kwana a ciki kuwa shi ne talakan da ke jan guga kowace safiya.