Takardun Abubakar Imam da Darasin Insha'i a Ajujuwanmu

Da wuya a sami wanda ya ratsa makarantar boko a ƙasar Hausa bai ji labarin Waziri Aku ba, ko bai yi dariyar yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke yi wa juna ƙeta a cikin Ruwan Bagaja ba. Amma akwai wani littafi na Alhaji Abubakar Imam da mafi yawanmu ba mu taɓa riƙewa ba, wato tarihin rayuwarsa da takardunsa, wanda Alhaji Abdurrahman Mora ya shirya, kamfanin NNPC na Zariya ya buga da Turanci a 1989, shekara takwas bayan rasuwar marubucin. Masu nazarin adabi sun daɗe suna ɗiba daga cikinsa. Ra'ayina shi ne, malamin da ke koyar da insha'i ya fi kowa bukatar irin wannan littafi, domin a nan ne ake ganin gwani tun yana koyo.

Ya kamata mu fara tuna cewa Imam namu ne. An haife shi a Kagara a 1911, ya yi karatu a Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, kuma yana koyarwa a Midil ta Katsina ne lokacin da Dokta Rupert East ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1936 aka ɗauko shi zuwa Zariya don ya rubuta Magana Jari Ce, sannan a 1939 ya zama editan Hausa na Gaskiya Ta Fi Kwabo. A 1943 ya je Ingila cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, inda ya gana da Lugga, suka ci gaba da musayar wasiƙu a kan halin da Arewa ke ciki.

Mai karanta Magana Jari Ce yakan ɗauka labaran sun zubo ne kamar ruwa daga tulu. Tarihin yadda aka yi aikin ya nuna wani abu daban. An tara wa Imam littattafan Larabawa da na Indiya da na Turai, irin su Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Jamusawa, ya zauna ya karanta, ya zaɓa, ya sake wa labaran suna da gari da ɗabi'a har suka zama 'yan gida. Shi da kansa ya bayyana cewa daga Maƙamatul Hariri ya sami dabarar gwara mutum biyu masu wayo a Ruwan Bagaja. Kuma yana da mai duba masa aiki, wanda ke cewa a rage nan, a sake can. Saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, yana karɓar gyara kamar yadda ɗalibanmu ke karɓa a yau.

Wannan ne ya sa masu karatu a wasu ƙasashe ke daraja kundin marubuci kusan kamar littafinsa. A Rasha an buga kundayen da Dostoyebski ya riƙa tsara labaransa a ciki, aka ga cewa shahararren littafinsa na 1866 a kan laifi da hukunci ya fara rubuta shi ne da bakin mai laifin, ya yi nisa, sannan ya watsar ya sake ginin labarin da bakin mai ba da labari. Wanda ya ga haka yakan koma wa littafin da sabon ido, domin ya san hanyar da aka bari da dalilin barinta.

To, mu dubi abin da muke yi a aji. Mukan rubuta take a allo, mu ba yara minti talatin, mu karɓi littattafai, mu ja jan biro, mu ba da maki, shi ke nan an wuce. Yaron da ya soke jimla ya sake ta mukan rage masa maki saboda ƙazanta. Da haka muka koya masa cewa rubutu abu ne da ake yi sau ɗaya, wanda ya iya ya iya, wanda bai iya ba ya haƙura. Idan ya yarda da haka, me zai hana shi kwafe aikin abokinsa, ko ya kwaso daga wayar yayansa? Abin mamaki, makarantar allo da muka fito daga cikinta ba ta yin wannan kuskure. Almajiri yakan rubuta, malam ya duba ya gyara, a biya, a wanke, a sake rubutawa, kuma ba wanda ke ganin gyaran a matsayin abin kunya.

Na san akwai masu ganin cewa tona irin waɗannan bayanai rage darajar magabata ne, musamman da yake wasu kan yi gaggawar kiran aikin Imam satar fasaha. Amsar ita ce a ɗauki labari ɗaya daga tushensa a ajiye kusa da na Imam, a ga abin da ya ƙara na barkwanci da karin magana da sanin halin fada da kasuwa. Gani ya kori ji. Wannan kwatanci shi kansa darasi ne, domin yana nuna wa ɗalibi bambancin wanda ya karanta ya sarrafa da wanda ya kwafa ya miƙa.

Akwai kuma masu cewa takardun mamaci amana ce, kuma wannan magana tana da nauyi. Marubucin nan Kafka ya bar wasiyya a ƙona rubuce-rubucensa, abokinsa Max Brod ya ƙi, ya buga su, kuma har yau ana muhawara a kan ko ya kyauta. A wurinmu hanya a fili take: abin da ya shafi sirrin iyali na magada ne, su ke da ikon rufewa, abin da ya shafi aikin rubutu kuwa, kamar daftari da gyare-gyare da wasiƙun aiki, ilimi ne da ya cancanci a nemi izininsu a fitar.

Wannan yanki namu ya fi kowa sanin zafin asarar irin wannan taska. Muna da waƙoƙin Makaɗa Musa Ɗanƙwairo a kaset da waya, amma yadda shi da 'yan amshinsa suke zama su ɗinka waƙa, su zubar da wani ɗa su ɗauki wani, mafi yawansa ya tafi tare da su. Haka nan a Ruwan Gizo da Bakura da Maradun akwai tsofaffin malamai masu akwatuna cike da littattafan shirin darasi, da waƙoƙin da suka tsara wa yara, da wasannin kwaikwayon ranar rabon kyaututtuka. Gara da ɗigon damina suna cin rabonsu, kuma a wannan zamani na rashin tsaro, wanda ya bar ƙauyensa cikin gaggawa ba takarda yake fara ɗauka ba.

Saboda haka ina kira ga sassan Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Tarayya ta Gusau da Kwalejin Ilimi ta Maru da su haɗa kai da mawallafa da iyalan marigayin a fassara wannan littafi zuwa Hausa. Bai dace a ce tarihin mutumin da ya raya rubutun Hausa sai mai jin Turanci ke iya karanta shi ba. Reshenmu kuma yana iya neman kwafe ko da guda ɗaya ne ya riƙa zagayawa tsakanin makarantu, ya kuma sa matasan malamai su ziyarci dattawanmu da suka yi ritaya, su ɗauki hoton takardunsu da waya bisa yardarsu.

Abin da ya rage yana hannun kowane malami, kuma ba ya bukatar kasafi. Ko da sau ɗaya a zango, a bar yara su rubuta insha'i ɗaya sau biyu: daftarin farko a shafin hagu, gyararre a shafin dama, a ba da maki a kan tazarar da ke tsakaninsu. Ajin da ya cika maƙil ana iya raba shi biyu-biyu, kowa ya karanta wa ɗan'uwansa nasa kafin malam ya duba. Malam kuma ya tsaya gaban allo ya rubuta sakin layi nasa, ya soke kalma, ya sauya jimla, yara suna kallo. Sannan ya gaya musu cewa wanda ya rubuta Magana Jari Ce malamin makaranta ne, kuma shi ma da haka ya fara.

Allah Ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam, Ya sa albarka a cikin alli da allonmu.