Jirgin Nguru da ƙauyukan da ya raya

A shekarar 1930 aka kammala shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Nguru, tafiyar kimanin kilomita 230. Turawa ba don talakan Ringim ko na Birniwa suka yi wannan aiki ba. Gyaɗa suke so, da fatu da ƙiraga, a kwashe a kai musu bakin teku a Legas. Sai dai jirgin ba ya iya miƙewa ɗoɗar har Nguru, tilas ya tsaya ya sha ruwa, ya ɗauki kaya, ya ba wani hanya. Duk inda ya tsaya kuwa, jama'a suka taru.

Dubi Malam Madori. Dogon bai shiga birnin Haɗeja ba, ta gefe ya bi, sai wannan wuri ya zama tashar da amfanin gonar masarautar ke fita. Masu sayen gyaɗa suka kafa sikeli, 'yan dako suka biyo su, Yarabawa da Ibo ma'aikatan reluwe suka zo da iyalansu, aka wayi gari ƙauye ya zama gari. Ba a ƙirga mutanen wurin ba kafin a ba su tasha. Tashar ce ta kawo mutanen.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙananan tashoshin, irin su Zakirai da Taura da Gagarawa. Da an jiyo kukan jirgi daga nesa, 'yan mata sun ɗauko ƙwaryar fura da farantin ƙosai, yara na bin tagogi da dafaffen ƙwai da rake, a yi ciniki cikin gaggawa, a miƙa canji jirgi na motsi. Tsohuwa mai ciwon ido ta san ranar da za ta hau ta je asibiti a Kano, kuma ta san kuɗin da za ta ƙulle a bakin zane. Manomi ya loda buhun wakensa ba tare da ya roƙi kowa ba. Tabbacin nan shi ke sa saurayi ya yarda ya yi aure ya zauna a garin ubansa.

Farin 1973 ya zo, cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa dalar gyaɗa, hankalin gwamnati ya koma kan man fetur da kwalta. Jirgi ya zama na jefi-jefi, wani lokaci ya ɗauke ƙafa ɗungurungum.

Aka bar ƙauye da mota, ita kuwa mota lissafinta daban. Direba ba zai tashi ba sai ɗan kamasho ya daina kiran saura mutum ɗaya, kuma ban ga laifinsa ba, shi ma balas ake jira ya kai. Ƙauyen da ba zai cika mota kullum ba, sai ranar kasuwa zai gan ta. Sauran kwanaki sai acaɓa, wanda kuɗinsa ya ninka tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Mai naƙuda a tsakar dare sai a ɗora ta a amalanke. Malamin da aka turo makarantar firamare ya nemi canjin wuri, matasa su tafi ci-rani su ƙi dawowa, sannan wani ya zauna a ofis ya ce ai wurin ba mutane, ba ya bukatar mota. Wannan hukunci yana ƙona mini rai, domin rashin abin hawan ne ya kore su tun farko.

Yanzu ana aikin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Manyan garuruwan nan za su sami tashoshinsu. Roƙona shi ne a ware jirgi ko da guda ɗaya a rana, mai araha, wanda zai riƙa tsayawa a ƙananan wurare, ya ɗauki mai akuya da mai buhun gero. Mutanen da dogon ya ratsa gonakinsu su ne suka fi cancantar su hau shi.