Ku Bar Yaro Ya Dubi Taga

Jama'a, hutun makaranta ya ƙarato, kuma mun sani da yawa daga cikin malamai da akawuna za su ɗebi iyali su nufi gida gaida iyaye. Saboda haka muka ga ya kamata mu ja hankalinku bisa wata al'ada da ta shigo mana. Da zarar mota ta tashi daga tasha, yaro ya fara mutsu-mutsu, sai uba ya zaro wayarsa ya miƙa masa domin a sami shiru. Shirun kuwa ana samu, amma da tsada ake sayensa.

Mutanen da suka ce tafiya mabuɗin ilmi, matafiyin da idonsa ke buɗe suke nufi. Ku ɗauki hanyar Kano zuwa Kaduna, wajen kilomita 230. Yaro zai ratsa fadamun shinkafa na Kura da Kadawa, waɗanda ke shan ruwan madatsar Tiga da aka gama a 1974. Zai wuce Kwanar Ɗangora da Tashar Yari, ya hangi rimayen Zariya da dutsen Kufena, sa'an nan Jaji da Mararrabar Jos. Wannan darasin labarin ƙasa ne wanda babu malamin da zai iya zana shi a allo. Yaron da ya sunkuyar da kai bisa waya ya biya kuɗin mota, amma darasin ya wuce shi.

Har wa yau akwai maganar lafiya. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada a ba jariri kallon waya ko talabijin ko kaɗan, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Ban da wannan, ƙura wa abu ido a hannu alhali mota na gudu yana tayar da zuciya har ya kai ga amai, maganinsa kuwa shi ne a hangi nesa.

To, me za a ba yaro a madadin waya? Na farko kacici-kacici. Uwa ta ce, "Baba na ɗaka, gemu na waje." In yara sun kasa, ka'idar wasan ita ce su ba ta gari kafin ta gaya musu wuta ce da hayaƙi. Shawararmu a nan ita ce a sa sharaɗi: ba a karɓar gari sai wanda aka riga aka wuce a wannan tafiya. Nan da nan za ku ga yaro ya manne da taga yana karanta allunan bakin hanya, domin ya tara garuruwan biyan bashi.

Na biyu gasar itatuwa. Kowane yaro ya zaɓi nasa, wannan kuka, wancan ɗorawa, wancan giginya, a ga wanda zai fara ƙirga ashirin. In damina ce, a nuna musu gawo tsaye ba ganye alhali kowane itace ya yi kore, a tambaye su dalilin da manomi ke son sa a gona. Na uku lissafi. In allo ya ce saura kilomita 80, direba kuma yana gudun 80 a awa, yaushe za mu isa? Ɗan aji huɗu zai iya, kuma ba zai mance ba. In rana ta yi sanyi, ƙananan sun gaji, sai tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi har barci ya ɗauke su. Manya kuwa a ba su fensir da ɗan littafi su rubuta abin da suka gani, su karanta wa kaka in an sauka.

Mun san abin da wani zai ce: mutum ya gaji da aikin ofis, ga matsin mota, ga zafi, ina ƙarfin surutu da yara? Gaskiya ne, akwai wahala. Amma mu da muke horar da malamai muna ganin sakamakon a aji. Mukan sami ɗalibi mai ƙwazo wanda ya bi hanyar garinsu sau da yawa, ya kasa jera garuruwan da ke kanta, bai kuma iya bambanta kaɗanya da ɗorawa ba. Gobe shi za a ba aji ya koya wa 'ya'yanku labarin ƙasarsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka muna roƙon malamai, kafin a sallami yara, kowa ya ba ajinsa aiki ɗaya: a dawo da sunayen garuruwa biyar da itatuwa biyar da aka gani a hanya, da sabon kacici-kacici ɗaya daga bakin kaka. Iyaye kuma su bar waya a aljihu sai in kira ya shigo. Allah Ya kai kowa gida lafiya, Ya dawo mana da ku lafiya, amin.