Wuƙar da ba ta da aiki, me take nema a ƙugunka?

Ya ku ƴan uwa masu karatu, manoma da makiyaya na ƙasar Bambeye da sauran Adar, yau maganata kan wuƙa ce. Na san wasu samari za su ji haushi. Su yi haƙuri su karanta har ƙarshe, in sun ga ƙarya a ciki su rubuto su ƙaryata ni.

Ni ba maƙiyin wuƙa ba ne. Tawa tana nan, shekararta ta fi ta babban ɗana. Mutumin karkara ba ya rabuwa da wuƙa, kuma da gaskiyarsa. Da ita yake yankan kaba ya tuƙa igiya. Da ita yake feƙe ƙotar kalme in ta yi sako-sako. Ƙaya ta shige ƙafar jaki, da tsininta za a cire. A bakin rijiya igiyar guga ta naɗe ƙafar sa, yana ja yana faɗuwa, wanda ke da wuƙa kusa shi ke ceton dabbar. Ga kuma babban aikinta da kowane makiyayi ya sani: akuya ta ci tohon dawa, ciki ya kumbura, tana shure-shure, gida da nisa. In akwai wuƙa mai kaifi a yi bisimilla a yanka, iyali su ci nama, a sayar da fata. In babu, ta zama mushe, an yi hasara biyu. Wanda ya ce a raba mutumin daji da wuƙarsa bai taɓa kwana a daji ba.

Wuƙar da nake yabo ita ce ta maƙera. Kakanninmu na Adar ba su jira jirgin ruwa ya kawo musu ƙarfe ba. Maƙeran baƙi su ke tono tama cikin duwatsun ƙasar nan, su gina murhu, su narkar da ita da gawayi, su fidda ƙarfe. Har wata Baturiya ƴar Faransa, Nicole Echard, ta zauna cikinsu a shekarun 1960, ta ɗauki siliman aikin, don a lokacin ya kama hanyar ɓacewa. Yau ba a narkar da tama, amma hannun bai mutu ba. Ka je maƙera ka gani. Yaro na bisa zuga-zugi, gawayin ƙirya ya yi ja, maƙeri ya kamo guntun ƙarfen tsohuwar mota da awartaki, ya ɗora bisa uwar maƙera yana bugu. Kafin ya fara zai tambaye ka: ta fiɗa kake so, ko ta yanka, ko ta yankan kaba? Kowace da siffarta. In ya gama ya ba ta ruwa don ta riƙe kaifi, ya sa mata ƙota. Baduku ya ɗinka mata kube da fatar da aka jeme da bagaruwa. Ta dakushe ka wasa. Ƙota ta tsage ka mai da ita wurin mai ita. Kuɗinka kuma bai bar gari ba.

To, akwai wata wuƙa dabam, ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Wagga wuƙa ba ta taɓa yankan igiya ba. Tana ƙyalli kamar madubi. Wata naɗewa take, a danna ta fito. Ana zuba su a faranti a kasuwar Tawa ran Lahadi, wasu kuma ƴan biɗa ke zuwa da su tsaraba daga Abijan ko Libiya. Ka gwada ta a kan fatar rago, sai baki ya lanƙwashe. Mai ita ma ba don fiɗa ya saye ta ba. Safe yana gona ba ta tare da shi. Dare ya yi, an buga kalangu a dandali, sai ya yi wanka ya sa sabuwar riga, ya soke ta a ƙugu. Ina tambaya: wace akuya ce za ta kumbura a dandali? Wace igiya za a yanka gaban ƴan mata?

Na ga abin da idona. Daren wani biki ne, a wani gari da ba zan kira sunansa ba. Samari biyu, tare suka yi kiwo suna yara, tare aka yi musu kaciya. Ɗaya ya yi kari ga yarinya, ɗaya ya yi magana, aka yi dariya. Da hannu sake suke, da mari ne da kokawa, manya su raba, gobe a sha fura tare. Amma ɗaya na da abin nan a ƙugu. Kafin a ce me, ɗan uwansa na ƙasa riƙe da ciki. A amalanke muka kai shi bakin hanya, muka jira mota har gari ya waye. Ya rayu, amma sai da ubansa ya sayar da saniya da damman hatsi. Wanda ya soke shi jandarmomi suka tafi da shi, ya yi damina biyu gidan kaso, gonar tsohonsa ta koma saura. Uwayensu mata kuwa har yau ba su ɗebo ruwa lokaci guda.

Na san amsar da za a ba ni. Za a ce namiji ba ya tafiya hannu sake, haka muka gada. E, kakanninmu sun ɗaura wuƙa a damtse, Buzaye maƙwabtanmu sun rataya takobi. Amma su tafiyar kwana da kwanaki suke yi cikin daji mai kura da ƴan fashi. Kuma dattijon da ya san darajar ƙarfensa kunya yake ji a ga ya zare shi don cacar baki. Kun ɗauki wuƙar, kun bar kunyar.

Za a ce kuma zamani ya lalace, dole mutum ya tsare kansa. Gaskiya ne ya lalace. Ran 21 ga watan Maris na 2021, ƴan bindiga bisa babura suka afka wa ƙauyukan ƙasar Tiliya, nan arewacinmu, gwamnati ta ce mutum 137 suka mutu. Allah ya jiƙansu. To, ku faɗa mini, wuƙar faranti za ta tare irin waɗannan? Ba ta iyawa. Wanda take samu kullum shi ne na kusa: aboki, maƙwabci, ɗan baffa, wanda ya matso don bai zaci komai ba.

Wurin da na fi jin tsoronta shi ne bakin gona lokacin kaka. Hatsi ya nuna, dabbobi na gangarowa daga arewa, ba a saki gonaki ba tukuna, wani kuma ya nome burtali. Shanu sun shiga sun yi ɓarna. Mai gona ya zo da zuciya, makiyayi ya tsaya da tasa, kowa da ƙarfe a jikinsa. Dami biyu aka ci, amma in jini ya zuba ba maganar dami ake ba kuma. A Toda, ƙasar Maraɗi, cikin watan Oktoba na 1991, an kashe mutum fiye da 100, yawancinsu mata da yara na Fulani. A Bangi, ƙasar Madawa, cikin jiharmu ta Tawa, a watan Nuwamba na 2016, kusan mutum 20 suka hallaka, aka ƙone gidaje, kuma tushen abin ɓarnar gona ce. Waɗanda suka mutu, da yawansu ko gonar ba su taɓa gani ba.

Alhali ga hanya a buɗe. Tun 1993 Nijar ke da dokar karkara, aka kafa kwamitocin kula da filaye har a ƙauyuka. A 2010 aka ƙara dokar kiwo. In an yi maka ɓarna, ka kira shaidu, ka je wurin maigari. A zo a duba, a ƙiyasta, a yi sulhu. In ya gagara a wuce wurin hakimi, in ya gagara nan ma sai alƙali. Ana rubuta takardar sulhu, kuma ku da kuka yi yaƙi da jahilci ku nemi a karanta muku ita a fassara, ku sa hannu da sunanku, ba dangwale ba. Amma ranar da ka zare wuƙa, kai da aka yi wa ɓarna kai ne ka koma mai laifi, kuma hukuncin rauni da makami ya fi na hannu nauyi.

Ban ce hukuma ta bi gida gida tana kwashe wuƙaƙe ba. Wannan wauta ce, mahauci da makiyayi da wanzami za a cuta, mai mugun nufi ya ɓoye tasa. Abin da nake nema a hannunmu yake. Maigari ya tara gari kafin a fara girbi, da liman, da arɗon Fulani, da sarkin maƙera, da shugaban samari. A yanke magana gaban kowa: wurare uku ba a zuwa da ƙarfe, dandali, da wurin kokawa, da wurin sulhun ɓarna. Baƙon da ya zo daga nesa da tasa ya aje ta zauren maigari, in zai koma ya ɗauka. Makaɗi ya ga wuƙa a fili ya kife kalangunsa. Ƴan mata kuma su tashi su bar wurin, don in sun tashi babu saurayin da zai zauna. Wanda ya karya, a ci shi tarar da gari ya yarda da ita, a zuba kuɗin a asusun gyaran rijiya.

Ku uwaye maza, ku fara daga ɗakin ɗanku. Yau da dare, in ya sa riga zai fita, ku kira shi ku ce ya ɗaga ta.