Kuɗin Mai Ƙosai, Asusun Wa?

A Kano, Zariya ko Gusau, yanzu da wuya ka tsaya wurin mai ƙosai ko mai waina ba ka ga ɗan gutsuren kwali jingine da bokiti ba, an rubuta lambobi goma a jiki da sunan OPay, Moniepoint ko PalmPay. Ka saya, ka tura, ka nuna waya. Amma don Allah, idan ka sake yin irin wannan ciniki, ka duba sunan da zai fito kafin ka danna lambar sirri. Sau da yawa ba sunan mace za ka gani ba. Sunan ɗanta ne, ko na mijinta, ko na yaro mai POS da ke bakin layi. Ita ce ta jiƙa wake tun dare, ita ce ta sha hayaƙi tun asuba, amma kuɗin ya sauka a aljihun wani, sai ta aika a karɓo mata.

Ba da son ransu matan nan suka fara karɓar tiransifa ba. Sauyin fasalin Naira da Babban Bankin Najeriya ya sanar a watan Oktoban 2022, zamanin Godwin Emefiele, shi ya jefa su ciki. A farkon 2023 takardar kuɗi ta yi ɓatan dabo, ƙullu ya riƙa tsami a roba, masu fura da nono suka riƙa komawa ruga da ƙwarya cike. Kafin Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Maris na shekarar cewa a ci gaba da karɓar tsoffin takardu, jarin wasu ya riga ya karye. Waɗanda suka tsira su ne suka ari lambar asusun wani. Aron nan ne bai ƙare ba har yau.

Ana yawan yi mana albishir da alƙaluma. Binciken da cibiyar EFInA ta fitar na 2023 ya nuna cewa manya da ba su da wata hulɗa da harkar kuɗi sun ragu zuwa kashi 26 cikin 100 a faɗin ƙasa. Madalla. Sai dai a Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 47, kuma mata ne a baya. Ni abin da ya fi damuna ma ba ya fitowa a lissafi: karɓar kuɗi ta waya daban, ajiye kuɗi daban. Mace mai awara da ke cire cinikinta kaf kowace yamma ba ta shiga banki ba, ta ƙara wa kanta wani kashin kuɗi ne kawai. A wurare da dama mai POS na cire Naira 100 a kan dubu biyar. Ɗari kullum, dubu uku ke nan a wata, daga sana'ar da ribarta ke tafiya a cefane da kuɗin makarantar allo. Ga alat na bogi da marasa tsoron Allah ke nuna wa wadda ba ta iya karatun boko ba, ga ranar da sabis zai ɗauke kuɗi ya maƙale a hanya.

Kada wani ya ce matanmu ba su iya tanadi ba. Su ne masu adashi, su ne masu asusun ƙasa, su ne ke sayen akuya ko 'yan kunnen gwal don ranar buƙata. Da ribar ɗanwake da ƙuli-ƙuli aka yi wa 'yan mata da yawa kayan ɗaki. Tsarin ƙungiyoyin ajiya da rance na ƙauye, wanda yau ya bazu a ƙasashen Afirka da Asiya, a yankin Maraɗi aka fara shi a 1991, da sunan Mata Masu Dubara, tare da tallafin ƙungiyar CARE. Matan Hausawa ne suka koya wa duniya shi.

Me ya sa adashi ke aiki? Uwar adashi tana zuwa har cikin gida, ko ta turo yarinya. Ba ta neman takarda, ba ta raina zubin ɗari biyu, ba ruwanta da kuɗin ruwa. Mafi girma kuma, kuɗin da aka zuba ya bar hannu. Idan maigida ya zo neman rance, ko dangi suka zo da batun biki, amsa ɗaya ce: na zuba adashi. Wannan kariya ita ce abin da mace mai sana'a ta fi buƙata. A garin Bumala na ƙasar Kenya, masana biyu, Pascaline Dupas da Jonathan Robinson, sun buɗe wa 'yan kasuwa asusun da ba ya ba da ko sisi na riba, har ma ana cajin mai cirewa. Duk da haka mata da dama suka yi amfani da shi, kuma jarinsu ya ƙaru. Ba riba suke nema ba, wurin ɓuya suke nema wa kuɗinsu.

Amma adashi ma yana da nasa ciwon, kuma duk unguwa an san labarin uwar adashin da ta gudu, ko ta rasu lissafi ya rikice. Idan yaro ya kwanta ciwo alhali kwasarki saura wata biyu, sai dai ki taɓa uwar kuɗi. A nan ne asusu na hukuma ya fi. Hukumar NDIC, mai inshorar kuɗin ajiya, ta ɗaga kariyarta a 2024 zuwa Naira miliyan 5 ga mai ajiya a bankin kasuwanci, da miliyan 2 a ƙaramin banki. Mace nawa mai tuwo-tuwo aka taɓa zaunarwa aka yi wa wannan bayani da Hausa?

Kayan aikin duk suna nan. Akwai asusun matakin farko da ake buɗewa da lambar NIN ko BVN. Tun 2022 MoMo na MTN da SmartCash na Airtel ke aiki a ƙaramar waya mai tocila, ba sai da intanet ba. Ga wadda ke tsoron kuɗin ruwa, kuma tsoronta na kan hanya, akwai Jaiz tun 2012, da TAJ, da Lotus. Abin da ya rage shi ne a kai su inda matan suke. Dubi rumfunan POS na unguwarku: kusan duk samari ne. Matar da ke cikin kulle, wadda yara ke fitar mata da talla, ba za ta je ta tsaya gaban saurayi ta faɗa masa nawa ta tara ba. Mace 'yar'uwarta take buƙata, wakiliya mai rajista da za ta yi sallama ta shiga har tsakar gida, ta karɓi zubin yau, saƙo ya shigo wayar mai kuɗin nan take, da muryar Hausa idan ba ta karatu. A kuma ba ta damar kulle ajiyar zuwa azumi, ko zuwa kaka lokacin da wake da gyaɗa ke araha, ta sayi buhu maimakon awon kwano kullum. Bankin da ya fara yin haka da gaske ba sadaka ya yi ba, kasuwa ya samu.

Sauran magana tamu ce, mu maza. Kai da lambarka ke kan kwalin mahaifiyarka ko matarka, na san da kyakkyawar niyya ka bayar, kuma ka taimaka a lokacin ƙunci. To lokacin ya wuce. Ka raka ta ta yi katin ɗan ƙasa, a yi mata rajistar layi da sunanta, a buɗe mata asusunta, ka koya mata yadda ake duba abin da ya shigo. Lambar sirrin kuma ka bar ta ta zaɓa da kanta, kada ka tambaya.