Rufi Ɗaya A Abuja, Amma Ƙwarya Daban-Daban

Duk ɗan Arewa da ya taɓa ratsawa ta Abuja a kan hanyarsa ta zuwa gida daga Ikko ko Badun, ya ga ƙaton ginin nan na Cibiyar Kirista ta Ƙasa wanda yake tsaye ba nisa da Masallacin Ƙasa. Ginin ya yi shekara da shekaru a yashe ba a gama ba, sai a watan Oktoba na 2005 aka buɗe shi, zamanin da Akbishop Peter Akinola yake shugabancin Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, watau CAN. Ita kuwa ƙungiyar a Ikko aka kafa ta cikin 1976, ta haɗa Katolika da Angalika da ECWA da TEKAN da 'yan Pentikos da sauransu.

To, rufi dai ya zama ɗaya. Amma idan aka zo ga Jibin Ubangiji sai kowa ya koma ga ƙwaryarsa. Katolika ba ta ba wanda ba nata ba gurasar, sai bisa wata lalura, waɗansu ikkilisiyoyin kuma suna da nasu sharuɗɗa game da baftisma da aure. Wannan saɓani ya fi shekara 400, ba kuwa a shafin jarida za a warware shi ba. A bar wa malamai.

Akwai wata rarrabuwa wadda ba ta jiran malamai, ita ce ma ta sa Manzo Bulus ya tsawata wa mutanen Korinti a sura ta 11 ta wasiƙarsa ta fari. A can ba gardamar koyarwa ce ta ɓata jibin ba. Masu hali ne suke riga cin abin da suka kawo har su bugu, marasa shi kuwa su tashi da yunwa da kunya. Bulus ya gaya musu ƙiri-ƙiri cewa abin da suke ci ba Jibin Ubangiji ba ne.

Abuja ta san irin wannan. Cikin 2014, da Boko Haram ta kama Gwoza, mutane suka gudo suka kafa bukkokin buhu da leda a Durumi da Kuchingoro, tafiyar 'yan mintoci a mota daga Asokoro da Maitama. Da yawa daga cikinsu 'yan EYN ne, Ekklesiyar 'Yan'uwa, wadda take cikin TEKAN, watau suna da rabo a wancan babban gini daidai da kowane mai babbar riga. An kai musu shinkafa da barguna, ba a musu, kuma akwai ikkilisiyoyin da suka yi ƙoƙari ƙwarai. Amma kai buhu ranar Kirsimeti tare da mai ɗaukar hoto daban, sanin sunan mutum da biyan kuɗin makarantar ɗansa daban.

Babu dokar wata ikkilisiya da ta hana baikon ranar Jibi ya ƙetare zuwa gwauruwar wata ɗarika. Fada ba zai miƙa wa ɗan COCIN gurasa ba, amma ba abin da ya hana shi biya masa kuɗin asibiti.

Mai karatu da ke zaune a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun ya fi kowa sanin wannan, domin a baƙunci ba a cika tambayar mutum ɗarikarsa kafin a ba shi tabarma ba. Sai dai ko a nan ɗin ma, a sujadar Hausa, akwai maigadin da ba ya samun zuwa sai an kusa tashi saboda maigida bai sake shi da wuri ba, akwai ɗan acaɓar da aka kama masa babur ya yi wata guda bai leƙo ba. Ya kamata dattawan ikkilisiya su riƙa ƙirga waɗannan tun ranar Asabar, su aika a dubo su, kafin a shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur.