Ra'ayi: Kafin mu zargi Tunisiya da wariya, mu leƙa Kara-Kara

A ranar 21 ga Fabrairun 2023 shugaban Tunisiya Kais Saied ya yi zargin cewa ana kwararo da baƙaƙen fata cikin ƙasarsa ne da wata manufa ta sauya fasalin al'ummarta. Cikin 'yan kwanaki aka fara korar 'yan Afirka ta kudu da Sahara daga gidajen haya da wuraren aiki. A Aljeriya kuwa, ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙidaya mutum fiye da 30,000 da aka koro zuwa Nijar a 2024 kaɗai, da yawansu an jibge su a cikin hamada, suka taka kusan kilomita 15 zuwa Assamaka.

Mutumin Damagaram ya san wannan ciwo. Cikin gawarwaki 92 da aka tsinta a Sahara a Oktoban 2013, akasari mata ne da yara daga yankin Kance da ke kan hanyar Aljeriya. Don haka fushin da matasanmu ke yi a Facebook da WhatsApp yana kan hanya. Sai dai laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Birnin Zinder kansa an gina shi ne bisa tambayar "kai ɗan wane ne?" Birni na gidan sarauta ne, Zango na fatake da baƙi. Ƙarfin daular a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya dogara ga kasuwancin Sahara, kuma cikin hajar da ayari ke kai wa Tarabulus har da bayi. Daga baya aka sami Kara-Kara, unguwar da aka ware wa kutare da waɗanda gari ya ƙi. Yau kuturta na warkewa, maganinta kyauta ne tun 1995, kuma ba gadonta ake yi ba. Amma jikokin waɗanda aka ajiye a can har yanzu suna ɗauke da tambarin.

Fim ɗin "Zinder" na Aïcha Macky, 'yar garin, wanda ya fito a 2021, ya nuna rayuwar samarin "palais" na wannan unguwa: ɗaga ƙarfe, fasa-ƙwaurin man fetur daga Najeriya, shiga da fita kurkuku. Mutane na kallonsu su ce 'yan daba ne. Ba a cika tambayar wace ƙofa ce aka buɗe musu suka ƙi shiga ba. Yaron da ba a yi masa takardar haihuwa ba, ba zai zauna jarrabawar BEPC ba, ba zai sami katin ɗan ƙasa cikin sauƙi ba, balle aikin albashi. Haka wariya ke aiki idan ta zama tsari: babu wanda ya rubuta ta a doka, amma tana bin mutum daga haihuwa har aure.

Wani zai ce wannan ba wariyar launin fata ba ce, tunda duk fatarmu ɗaya. Gaskiya ne sunan ya bambanta. Amma uban da ya fasa ba da 'yarsa don bincike ya nuna kakan saurayin bawa ne, ko mahauci, ko kuturu, da ɗan sandan da ya kama mutum a Tamanrasset don baƙinsa, ma'auni ɗaya suka ɗauka: sun hukunta mutum kan abin da bai zaɓa ba.

Kuma kada a ce bauta tsohon labari ce. Sai a 2003 Nijar ta mayar da ita babban laifi mai ɗaurin shekara 10 zuwa 30, bayan fafutukar ƙungiyar Timidria. A ranar 27 ga Oktoban 2008 kotun CEDEAO ta sami gwamnatin Nijar da laifin kasa kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana shekara 12, ta kuma umarci a biya ta sefa miliyan 10.

Lissafin jama'a ma ba ya goyon bayan tsohon tsarin. Ƙidayar 2012 ta nuna jihar Damagaram ce ta fi kowace yawan mutane, sama da miliyan 3 da rabi, kuma kusan rabin 'yan Nijar ba su kai shekara 15 ba. Fari da tsadar rayuwa na turo mutanen karkara cikin gari kullum. Garin da ya ci gaba da raba waɗannan matasa zuwa masu asali da marasa asali, shi zai biya kuɗin, ta hanyar daba da kuma gawarwaki a hamada.

Aikin a bayyane yake. Magajin gari da alƙalai su riƙa kai zaman ba da takardun haihuwa kyauta har cikin Kara-Kara da unguwannin gefe. Fadar Sarkin Damagaram da limaman Juma'a su fito fili su ce goranta wa mutum asali zalunci ne, musamman a wajen neman aure. Ai Bilal bawa ne da aka 'yanta, kuma shi ne ladanin farko. Ku kuma 'yan ci-rani da kuka ɗanɗana wulaƙanci a Oran ko Sabha, kun fi kowa sanin zafinsa. Ranar da wani saurayi ya zo neman ƙanwarku, ku tambayi halinsa da sana'arsa, ku bar kakansa ya huta a kabari.